Lasisin Shiga Sabar: Kuɗin Da Ake Ƙirgawa Da Kawunan Ma'aikata

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar farashi daga dillalin kayan kwamfuta domin kafa sabar a ofis, ko asibiti, ko makaranta, ya san layukan farko ba sa ba da wahala. Ga kuɗin ƙarfen kansa, na Dell ne ko na HP. Ga kuɗin manhajar Windows Server da za ta tafiyar da shi. Ga na batirin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta. Can ƙasa sai a ga wani layi mai haruffa uku, CAL, an rubuta adadi a gabansa, hamsin ko ɗari, da kuɗin da wani lokaci ya zarce na manhajar kanta. A nan akanta ke ɗaga jan biro. A nan ne kuma dillalin da ke tsoron kada ciniki ya kuɓuce masa yakan soke layin, ya ce ai na'ura za ta yi aiki ko babu shi.

Gaskiya ya faɗa, za ta yi. Abin da ya ɓoye shi ne, daga ranar da ma'aikaci na farko ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa, ma'aikatar ta fara cin bashin da ba ta san da shi ba.

Sabar ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin wurin aiki ke dogaro da ita: ita ke ajiye fayiloli, ita ke tantance wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, ita ke raba firinta, a cikinta rumbun bayanan albashi ko na marasa lafiya yake zaune. Kamfanin Microsoft ba ya sayar da manhajar da ke tafiyar da ita kamar yadda ake sayar da buhun shinkafa. Izinin amfani yake sayarwa, kuma ya raba izinin gida biyu. Na farko shi ne izinin ɗora manhajar a kan na'ura. Na biyu shi ne izinin da kowane mutum, ko kowace na'ura, ke buƙata kafin ya amfana da abin da sabar ke yi. Wannan na biyun shi ne CAL, lasisin shiga. Kamar mutum ne ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya biya kuɗin injin duka, sai mai injin ya ce masa duk wanda zai tara bokiti, ko da 'yan gida ne, sai an yanka masa tikiti.

Tsarin yana da asali. A watan Fabrairun 1976, Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta a Amurka yana ƙorafin cewa suna kwafar manhajar BASIC da kamfaninsa na Microsoft ya rubuta wa na'urar Altair ba tare da sun biya ba. Tun daga nan kamfanin ya ginu a kan cewa abin sayarwa shi ne izini. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, kamfanin Novell ne ke riƙe da kasuwar sabar ta ofisoshi, yana sayar da NetWare gwargwadon yawan masu shiga: akwai ta mutum 5, ta 10, ta 25, ta 100. Da Microsoft ya shigo fagen da Windows NT a 1993, bai daɗe ba ya raba kuɗin sabar da kuɗin masu shiga, sai sabar ta fito da araha a ido, nauyin ya koma kan yawan kwamfutocin da ke haɗe da ita. A Windows Server 2003 aka ƙara zaɓin ƙirga mutane maimakon na'urori. A Windows Server 2016 kuma aka sauya yadda ake biyan kuɗin sabar kanta, aka koma ƙirga ƙwayoyin sarrafawa da ke cikin ƙwaƙwalwarta, mafi ƙaranci 16 ga kowace na'ura. Mutane da yawa sun ɗauka wannan sauyin ya kawar da lasisin shiga. Bai kawar ba. Nau'in Standard da nau'in Datacenter duk suna nan da sharaɗinsu, har a Windows Server 2025 da ta fito a watan Nuwamban 2024.

Mutum ko na'ura?

Lasisin shiga iri biyu ne, kuma zaɓi tsakaninsu shi ne wurin da ma'aikata ke iya ceton kuɗi mai yawa ba tare da ta karya ƙa'ida ba. Na mutum ana ɗaura shi ne a kan wani takamaiman ma'aikaci, ya shiga da duk na'urar da ya ga dama: kwamfutar tebur, ta tafi-da-gidanka, wayar hannu. Na na'ura kuwa ana ɗaura shi a kan kwamfuta guda, ko mutum nawa ne suka zauna a gabanta.

A ce asibiti ne mai ma'aikata 90 da ke aikin karɓa-karɓa, safe da yamma da dare, a kan kwamfutoci 20. Idan aka ƙirga mutane, lasisi 90 ke nan. Idan aka ƙirga na'urori, 20 sun wadatar. A ce kuma ofishin lauyoyi ne mai mutum 30, kowa da kwamfuta biyu da waya. Na'urori sun kai 90, mutane 30 ne kawai. An yarda a haɗa iri biyun a ma'aikata ɗaya, likitocin da ke duba sakamako daga wayoyinsu a ba su na mutum, kwamfutocin ɗakin karɓar kati a ba su na na'ura, muddin akwai rubutaccen lissafin wane ne ke da wane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga waɗanda ke kan sabar a lokaci guda. Shugaban ma'aikata yakan ce, ai ba mu taɓa wuce mutum goma sha biyar a sa'a ɗaya ba, a sayo goma sha biyar. Ƙa'idar ba ta tafiya haka. Lasisin mutum na mai suna ne, ba a miƙa wa na gaba idan wannan ya tashi aiki. Ana iya sauya masa mai shi idan ma'aikaci ya bar aiki, ko na'ura ta mutu, amma ba a yi masa sauyi akai-akai. Dokar da aka saba ita ce sai bayan kwana 90, in ban da aron ɗan lokaci domin maye gurbin ma'aikacin da ba ya nan ko kwamfutar da ke wurin gyara.

Labari mai daɗi guda a nan: lasisi ɗaya yana buɗe dukkan sabar Windows na ma'aikatar. Mai sabar biyar ba zai saya wa kowane ma'aikaci lasisi biyar ba. Amma shekarar da ke jikin lasisin tana da muhimmanci. Na 2022 yana shiga sabar 2022 da 2019 da 2016. Na 2019 ba ya shiga sabar 2022. Sabar guda ɗaya aka sabunta, duk masu taɓa ta sai an sabunta musu.

Me ake nufi da shiga? Nan ne abin ya fi ba mutane mamaki. Ba sai mutum ya ga fuskar sabar ba. Wanda ya buɗe fayil daga ma'ajiyar ofis ya shiga. Wanda ya tura takarda zuwa firintar da sabar ke rabawa ya shiga. Wanda manhajar Active Directory da ke kan sabar ta tantance kalmar sirrinsa da safe ya shiga. A fassarar da kamfanin ya yi wa ƙa'idarsa, hatta na'urar da ta karɓi lambar adireshinta na cikin gida daga sabar Windows ta amfana da ita. Ma'ana, idan sabar ce ke raba wa wayoyin baƙi adireshi a kan wayafai ɗin ofis, baƙin ma sun faɗa cikin lissafi. Ina ganin wannan fassarar ta yi tsanani fiye da kima, amma maganinta mai sauƙi ne: a bar wa ƙaramar na'urar rarraba intanet wannan aikin, a cire shi daga kan sabar.

Akwai waɗanda aka ɗauke wa. Mutum biyu za su iya shiga domin kula da sabar kawai ba tare da lasisi ba. Jama'ar da ke karanta shafin intanet da aka buɗe wa kowa ba sa buƙata. Ƙananan ma'aikatu kuma suna da nau'in Essentials, wanda ba ya neman lasisin shiga ko ɗaya, amma iyakarsa mutum 25 da na'ura 50. Ga ɗakin shan magani, ko makarantar da ma'aikatanta ba su kai wannan adadin ba, sau tari wannan ne ya dace, kuma abin takaici ne yadda ba a cika gaya wa masu saye akwai shi ba.

Ƙofa ɗaya, mutum ɗari a bayanta

Idan akwai sharaɗi guda da ya kamata kowane mai rubuta manhaja da kowane mai sayenta su haddace, to wannan ne: tara mutane a bayan asusu ɗaya ba ya rage yawan lasisi. Yawancin manhajojin asibiti da na makaranta da na lissafin kuɗi suna magana da rumbun bayanai na SQL Server ta asusu guda ɗaya tak. Mai kallo daga cikin rumbun zai ga mai shiga ɗaya ne. Sai injiniya ya ce lasisi ɗaya ya isa. Ƙa'idar Microsoft ba ta duba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, tana duba waɗanda suka aiko shi. Duk ma'aikacin jinyar da ya rubuta zafin jikin majinyaci a manhajar, bayanin ya gangara rumbun, ana ƙirga shi, ko da manhajoji uku ne a tsakani.

A nan kuɗin ke yin nauyi, domin SQL Server tana da nata lasisin shiga dabam, kuma ba ya maye gurbin na Windows. Ana biyan duka biyun. A farashin da kamfanin ya wallafa na SQL Server 2022 nau'in Standard, sabar dala 989 ce, kowane lasisin shiga dala 230. Akwai hanya ta biyu: a biya gwargwadon ƙwayoyin sarrafawa, dala 3,945 kowane biyu, mafi ƙaranci huɗu, wato dala 7,890, sannan kowa ya shiga ba ƙirge. Duk wanda ya yi ɗan lissafi zai ga hanyoyin biyu suna haɗuwa a wajen mutum 30. Ƙasa da haka, ƙirga kawuna ya fi araha. Sama da haka, a ƙaramar sabar mai ƙwaya huɗu, biyan ƙwayoyi ya fi.

Mu koma asibitin nan mai ma'aikata 90. Lasisin mutum zai kai dala 20,700, ban da kuɗin sabar. Lasisin na'ura 20 da sabar, dala 5,589. Biyan ƙwayoyi huɗu, dala 7,890. Aiki ɗaya, manhaja ɗaya, amma tsakanin mafi tsada da mafi araha, idan aka haɗa kuɗin sabar, akwai fiye da dala 16,000. Ranar da asibitin ya buɗe wa marasa lafiya shafin duba sakamakon gwajinsu da kansu kuwa, lissafin na'ura ya rushe, domin ba wanda zai iya ƙirga wayoyin jama'ar gari. Dole a koma biyan ƙwayoyi. A ɓangaren Windows Server, mutanen waje irin waɗannan, abokan ciniki ko ɗalibai ko 'yan kwangilar da ba ma'aikata ba, ana iya rufe su da lasisi guda mai suna External Connector, wanda ake saya wa kowace sabar da suke taɓawa. Nau'in Enterprise na SQL Server kuwa, tun 2012 sabon mai saye ba shi da zaɓi sai biyan ƙwayoyi.

Sannan akwai lasisin da ake ɗorawa a kan lasisi. Wanda zai yi aiki a kan sabar daga nesa, ya ga fuskarta a kwamfutarsa kamar yana gabanta, yana buƙatar lasisin RDS ƙari a kan na Windows. Wannan ne kusan kaɗai yake da haƙora. Ana ba da rangwamen kwana 120 daga ranar da aka kunna tsarin. Idan suka cika ba a kafa sabar lasisi an shigar da lambobi ba, ƙofa tana rufewa. Ma'aikatu da yawa sun fara jin kalmar CAL ne a safiyar da reshensu na wani gari ya kasa shiga, wata huɗu bayan dillali ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Shirun na'ura

Sauran lasisin shiga na Windows Server ba su da haƙora ko kaɗan. Babu wurin shigar da lamba, babu abin ƙirga, babu gargaɗi. Takarda ce kawai, ko rubutu a asusun ma'aikata a shafin Microsoft, mai nuna an sayi adadi kaza. Mai lasisi 10 zai iya haɗa mutum 500, sabar ba za ta ce uffan ba. Wannan shirun ne ke yaudarar mutane, kuma a ganina kamfanin yana da nasa kason laifin. Ƙa'idojin suna cikin doguwar takardar sharuɗɗa da ake sabuntawa a kai a kai, cikin Turancin lauyoyi, har akwai kamfanonin da sana'arsu kawai fassara ta. Wanda ya iya gina manhajar da ke rufe ƙofa bayan kwana 120 zai iya gina wadda za ta gaya wa mai kula da sabar cewa mutanensa sun zarce lasisinsa. Ba a yi hakan ba, kuma mai saye ne ke ɗaukar nauyin rashin sani.

Duk da haka bashin na gaske ne. Manyan yarjejeniyoyin sayen lasisi da yawa sun ba Microsoft ikon turo masu bincike su ƙirga abin da ake amfani da shi. Idan giɓin ya kai kashi 5 cikin ɗari ko fiye, ma'aikatar ce za ta biya kuɗin binciken, ta kuma sayi abin da ya rage a kan kashi 125 cikin ɗari na farashi. Ƙungiyar BSA, wadda kamfanonin manhaja suka kafa a 1988, ita ma tana bin sawu. A shekara ta 2000 an kai samame kamfanin Ernie Ball na jihar Kalifoniya, mai ƙera tsirkiyar jita, aka sami manhajoji marasa lasisi a wasu kwamfutocinsa. Ya biya kimanin dala 100,000 har da kuɗin lauyoyi, shugabansa Sterling Ball kuma ya fusata ya mayar da kamfanin gaba ɗaya kan Linux, manhajar da ba ta Microsoft ba.

A Najeriya, rahoton BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutoci ba su da lasisi, alhali matsakaicin duniya kashi 37 ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ci gaba da ba manhajar kwamfuta kariya irin ta rubutattun ayyuka. Nijar da Kamaru da Chadi kuwa suna ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallaka. Ba zan ce masu bincike suna tsaye a ƙofar kowane ƙaramin ofis ba. Amma bankuna, da kamfanonin sadarwa, da jami'o'i, da ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje, duk suna da wanda zai iya tambayarsu takarda, kuma mai ba da tallafi ko mai shirin zuba jari ba ya son jin cewa rumbun bayanan ma'aikata yana tafiya a kan manhajar da ba a biya ba.

Dalilin kaucewar ba ɓoyayye ba ne. Farashin yana bin dala. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura 1,500. Lasisin SQL guda na dala 230 ya tashi daga kimanin naira 106,000 zuwa 345,000, kusan albashin wata biyar na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk mai adalci zai fahimci shugaban makarantar da ya ga wannan adadin ya ninka shi da yawan malamansa ya ajiye takardar. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a rufe giɓin da lambobin da ake tallatawa a intanet a kan 'yan daloli. Lambar kunna manhaja ba lasisi ba ce. Abin da mai bincike ke nema shi ne rasit daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, da sunan ma'aikatar a jiki, da adadi, da shekara. Wanda ya biya kuɗi ya karɓi lamba kawai ya yi asara biyu: kuɗinsa sun tafi, bashin kuma yana nan.

Hanyar da ba ta ƙirga kowa

Wanda farashin ya fi ƙarfinsa yana da mafita ta halal. Manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a farkon shekarun 1990, tana ba kwamfutocin Windows damar ajiye fayiloli da raba firinta a kan sabar Linux, kuma tun fitowar Samba 4 a watan Disamban 2012 tana iya yin aikin tantance masu shiga irin na Active Directory. Ba da sauƙi aka kai nan ba. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓoye wa abokan hamayya bayanan da sabar ɗinsu ke buƙata domin yin magana da kwamfutocin Windows. Kotu ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2007, kafin ƙarshen shekarar kuma masu Samba suka sami damar ganin waɗannan bayanan. A fannin rumbun bayanai akwai PostgreSQL da MariaDB, kyauta, ba ƙirge. Shi kansa Microsoft yana da SQL Server Express kyauta, wadda a fitowar 2022 iyakar kowane rumbu gigabayit 10 ce, kuma ta ishi ƙananan wurare da dama.

Kyautar tana da nata kuɗin, wato ƙwararren da ya iya ta, kuma idan manhajar da asibiti ya riga ya saya ba ta aiki sai da SQL Server, zaɓin ya ƙuntata. Shi ya sa tambayar ta kamata a yi ta tun kafin a sa hannu da mai manhaja: a kan wane rumbu take tafiya, kuma wa zai biya lasisinsa? Hayar sabar a Azure na Microsoft, wanda ya buɗe cibiyoyinsa na Afirka a Johannesburg da Cape Town a 2019, tana haɗa kuɗin shiga na Windows Server cikin kuɗin haya, sai dai ta mayar da biyan lokaci guda zuwa biyan wata-wata da dala, kuma ta rataya aikin ma'aikata a wuyan layin intanet. Wasu manyan tsare-tsaren Microsoft 365, irin E3 da E5, suna ɗauke da izinin shiga sabar cikin gida. Ma'aikatar da ke biyan su ta duba, kada ta sayi abu ɗaya sau biyu.

Duk wannan ba aikin da za a bar wa yaron da ke gyara kwamfuta shi kaɗai ba ne. Shi ya san na'urori, amma ofishin ma'aikata ne ya san yawan mutane da masu shirin zuwa, akanta ne ke riƙe da rasit, shugaba ne sunansa ke kan yarjejeniya. Kuma lokaci ya matso ga da yawa daga cikinsu. Tallafin Windows Server 2012 R2 ya ƙare tun 10 ga Oktoban 2023. Na Exchange 2016 da 2019, sabar wasiƙun ofis, ya ƙare 14 ga Oktoban 2025, wadda ta gaje su kuma ta biyan kuɗi ce a kai a kai. Na Windows Server 2016 zai ƙare 12 ga Janairun 2027. Duk ma'aikatar da za ta tashi daga 2016 zuwa 2022 ko 2025, in ba tana biyan inshorar sabuntawa ta Software Assurance ba, tsofaffin lasisin shigarta ba za su bi ta ba. Sai ta sa sababbi a kasafin kuɗi, ɗaya ga kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta, a farashin dalar ranar da za ta saya.